Ƙofa Biyu a Rufe: Mata Marubuta Labaran Kimiyya da Rigimar Lakabi

A shekarar 1975, Robert Silverberg, ɗaya daga cikin jiga-jigan marubuta ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka, ya rubuta gabatarwa ga wani kundin gajerun labarai na James Tiptree Jr. Har lokacin babu edita ko mai karatu da ya taɓa yin ido biyu da wannan Tiptree. Ta akwatin gidan waya a jihar Virginia kawai ake samunsa, kuma an fara ƙishin-ƙishin cewa wataƙila mace ce ta ɓuya a bayan sunan. Silverberg ya yi watsi da zancen. A ganinsa akwai wata mazantaka a rubutun da ba ta ɓoyuwa, har ya kawo misali da cewa namiji ba zai iya rubuta littattafan Jane Austen ba, mace kuma ba za ta iya rubuta na Hemingway ba. Ba a cika shekara biyu ba asiri ya tonu. Tiptree ya ambata a wata wasiƙa cewa mahaifiyarsa ta rasu a Chicago, masu bin diddigi suka nemo sanarwar rasuwar a jarida, sai ga sunan 'yar da ta bari: Alice Bradley Sheldon, mai shekara 61, tsohuwar jami'ar leƙen asiri a sojan Amurka da hukumar CIA, mai digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Abin dariyar shi ne, a cikin kundin da Silverberg ya yi wa gabatarwar akwai labarin da sunansa ke nufin matan da maza ba sa gani.

An saba kawo wannan labari don a yi wa Silverberg dariya, amma ni ba wautarsa ce ta dame ni ba. Gwanin karatu ne, kuma abin da ya same shi yana samun kowa. Kafin mu buɗe shafin farko, abin da ke bango ya riga ya gaya mana yadda za mu karanta. Sunan marubuci lakabi ne, nau'in littafi ma lakabi ne. Macen da ke rubuta labarin kimiyya tana ɗauke da duka biyun, kuma kowanne da ƙofar da yake rufe mata: a cikin gida, wato fannin labaran kimiyya, a ce abin da take rubutawa ba kimiyya ba ce ta gaske, a waje a ce ba adabi ba ne na gaske.

Gara a fara da inda lakabin ya samo asali, domin bai zo tare da labaran ba. Lokacin da Frankenstein ya fito a Landan a 1818, babu wani kanta a shagon littattafai da aka ware wa irinsa. Mary Shelley ta fara shi tana da shekara 18, ya fito babu sunan marubuci, kuma da yake mijinta Percy ne ya rubuta gabatarwar, mutane da yawa suka ɗauka nasa ne. Marubuci Brian Aldiss, a tarihin fannin da ya wallafa a 1973, ya kafe a kan cewa daga wannan littafi aka fara, saboda Victor Frankenstein ba da tsafi ya tayar da halittarsa ba, da ilimin zamaninsa ne. Tun kafin ita, a 1666, Margaret Cavendish ta rubuta labarin tafiya zuwa wata duniya ta ƙuryar arewa. A 1905 kuma Rokeya Sakhawat Hossain ta Bengal ta buga gajeren labari game da ƙasar da mata ke mulki da ƙarfin hasken rana, maza na kulle a gida. Babu ɗaya daga cikinsu da ta san tana rubuta wani nau'i na daban.

Katangar ta tashi ne a watan Afrilun 1926, da Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a New York. Takarda mai arha, bango mai launi da hoton kumbo ko dodo, masu saye galibi samari masu sha'awar rediyo da injuna. Mujallar ta yi wa fannin babban amfani: ta haɗa masu karatu, ta samar wa marubuta kasuwa. Amma ta liƙa masa wani kamanni da bai rabu da shi ba har yau a idon masu sharhin adabi, wato abin yara maza, mai rauni wajen iya magana da gina ɗan Adam. Daga nan sunan ya daina bayyana abin da ke cikin littafi, ya koma bayyana unguwar da littafin ya fito.

Wannan yana da muhimmanci domin lakabi ba ra'ayi ba ne kawai, tsari ne mai aiki kullum. Manyan kamfanonin ɗab'i suna da rassa, wani na adabi, wani na labaran kimiyya, kowanne da editocinsa da irin bangon da yake yi. A Amurka kowane littafi yana fita da lambar rukuni wadda ke gaya wa shago kantar da zai hau. Editan shafin sharhi a jarida yakan ba littafin adabi cikakken shafi, ya tara na kimiyya huɗu ko biyar a gurbi ɗaya. Kyautar Booker kuwa, babbar kyautar adabi ta Birtaniya, kamfani ne ke miƙa littafi, kuma akwai iyakar adadin da kowanne zai miƙa, don haka ba ya ɓarnar kasonsa a kan wanda yake ganin alƙalai za su yatsine wa fuska. Kafin alƙali ya karanta jimla ɗaya, an riga an gama rabin hukuncin.

Sai kuma dabarar da ta fi komai ba ni mamaki. Idan littafi mai ɗauke da dukkan alamomin fannin ya yi kyau har manyan masu sharhi suka so shi, sai a cire shi daga fannin. George Orwell ya rubuta labarin duniya mai zuwa, ba a kiransa marubucin labarin kimiyya. Cormac McCarthy ya rubuta labarin uba da ɗa bayan rushewar duniya, ya ci Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 2007. Kazuo Ishiguro ya rubuta labarin yaran da aka kwafo a ɗakin gwaji don a riƙa cire sassan jikinsu, ya kai zagayen ƙarshe na Booker a 2005, ya karɓi Nobel a 2017. Duk waɗannan ana cewa sun wuce nau'in. Kamar mutum ne ya shiga garke ya ware duk ƙosassun shanu ya kai wani turke, sannan ya nuna ragowar ya ce ku dubi yadda garken nan ya rame. Da irin wannan lissafi fannin ba zai taɓa cin jarrabawa ba, domin duk amsar da ya ci ba a rubuta masa ita.

Maza ma sun ɗanɗana wannan. Kurt Vonnegut ya daɗe yana ƙorafin cewa an jefa shi a aljihun teburin da aka rubuta wa labarin kimiyya, yana neman fita. Bambancin shi ne, namijin da ya fita daga wannan aljihu yana faɗawa cikin adabi kai tsaye. Macen da ta fita takan tarar da wani aljihun na jiranta, mai suna rubutun mata. A 2013 marubuciya Amanda Filipacchi ta lura cewa masu gyara Wikipedia suna kwashe mata daga rukunin marubutan Amurka zuwa wani ƙaramin rukuni na mata zalla, babban rukunin yana komawa na maza ba tare da an rubuta haka ba. Joanna Russ ta riga ta zayyana irin waɗannan dabaru tun 1983 a littafinta kan yadda ake danne rubutun mata: a ce ba ita ta rubuta ba, in ita ce, an taimaka mata, in ba a taimaka mata ba, ɗaya tak ta rubuta, in da yawa ne, ai ba adabi ba ne, in adabi ne, to ita daban ce da sauran mata. Russ daga cikin fannin ta fito, ta ga abin a gida kafin ta gan shi a waje.

A cikin gidan, makamin shi ne rarrabe labarin kimiyya mai tauri da mai laushi. Mai tauri shi ne na lissafi da injin kumbo da taurari, mai laushi kuma na zamantakewa da harshe da halittar jiki. Ba sai an faɗa maka wanne ake ɗauka na gaske ba, da kuma wanne ake jingina wa mata. Ursula K. Le Guin, 'yar masanin al'ummomi Alfred Kroeber, ta gina littafinta na 1969 a kan tambaya guda: yaya al'umma za ta kasance idan mutanenta ba maza ba ne ba kuma mata ba sai na 'yan kwanaki a wata? Wannan gwajin tunani ne tsantsa, kamar kowane labari na tafiya da gudun haske. Kuma gudun da ya wuce na haske, wanda masu tauri suka cika littattafansu da shi, kimiyyar da muka sani ba ta yarda da shi ba. Taurin nan sau da yawa na murya ne, ba na ilimi ba.

Sai dai a yi adalci, labarin ɓoye suna bai miƙe kamar yadda ake ba da shi ba. C. L. Moore, wadda ta fara bugawa a 1933, ta ce ta taƙaita sunanta ne don kada bankin da take wa aiki ya gane tana rubutu a gefe, a zamanin da aiki ke da wuyar samu. Mai bincike Eric Leif Davin ya ƙirga mata 203 da suka buga labarai a mujallun fannin tsakanin 1926 da 1960, yawancinsu da sunayensu na mata a fili. Wannan bai wanke fannin ba, ya dai sauya wurin laifin. Matan suna nan, an buga su, an karanta su. Daga baya ne, lokacin haɗa kundayen gwanaye da rubuta tarihi, aka riƙa tsallake su, har kowane sabon zamani ya ɗauka shi ne ya fara ganin mata a wurin. Amma ɓoyewar dole ma ta faru. Mujallar Playboy ta sayi labarin Le Guin da ta buga a 1969, ta nemi a sa U. K. Le Guin don kada masu karatunta maza su tsorata. Ta yarda, kuma abin ya daɗe yana ci mata rai.

To me mace za ta yi da lakabin? Amsoshi biyu suka fi fice, kuma masu su ƙawaye ne da suka yi ta ja-in-ja a bainar jama'a.

Margaret Atwood 'yar Kanada ta zaɓi ja da baya. Littafinta The Handmaid's Tale na 1985 ya kai zagayen ƙarshe na Booker a 1986, sannan a 1987 ya zama na farko da ya ci kyautar Arthur C. Clarke, wadda ta labaran kimiyya ce zalla. Duk da haka ta daɗe tana cewa ita labarin hasashe take rubutawa, wato abin da zai iya faruwa da kayan da ɗan Adam ke da su a hannu, ba labarin kimiyya ba. A 2003, tana tallar wani sabon littafi mai cike da dabbobin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ta siffanta labarin kimiyya a tashar BBC da halittun ruwa masu magana a sararin samaniya. 'Yan fannin sun ji zafin wannan ƙwarai. A 2009 Le Guin ta yi sharhin littafin Atwood na gaba a jaridar Guardian, ta ce a fili wannan rarrabewa kariya ce: Atwood ba ta so masu tsattsauran ra'ayin adabi su tura ta unguwar da ba a ba da kyaututtuka, kuma wa zai ga laifinta? Atwood ta mayar da martani da littafi sukutum a 2011 kan alaƙarta da fannin, ta sadaukar da shi ga Le Guin.

Lissafin Atwood bai yi kuskure ba, in dai sakamako za a duba. Booker biyu ta ɗauka, a 2000 da 2019. Ta kuma ga abin da ya sami Doris Lessing, wadda ta yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren. Lessing ta riga ta yi suna a adabi lokacin da ta fitar da jerin littattafai biyar na daulolin sararin samaniya tsakanin 1979 da 1983. Ba ta ɓoye ba, ba ta nemi wani suna mai daɗin ji ba, har ta je babban taron 'yan fannin na duniya a Brighton a 1987 a matsayin babbar baƙuwa. Masu sharhi da yawa suka yi ta jimami kamar an yi rashi. Ranar da aka ba ta Nobel a 2007, mai sharhin adabi Harold Bloom ya ce kyautar siyasa ce kawai, ya kira rubutunta na baya-bayan nan labarin kimiyya mai daraja ta huɗu. A bakinsa sunan nau'in da kansa zagi ne.

Le Guin ta zaɓi tsayawa a cikin gida ta yi ta buga ƙofa. Ita ce mace ta farko da ta ci Hugo, babbar kyautar labaran kimiyya, a rukunin cikakken littafi, a 1970, shekara biyu bayan Anne McCaffrey ta zama mace ta farko da ta ci kyautar da ƙagaggen labari. Amma dubi yadda manyan kyaututtukan adabi suka zo mata. Kyautar littafi ta ƙasa ta Amurka da ta ci a 1973 a rukunin littattafan yara ce. Da ta kai zagayen ƙarshe na Pulitzer a 1997, da kundin labarai ne waɗanda galibinsu ba na kimiyya ba ne. Sai a 2014, tana da shekara 85, Gidauniyar Littafi ta Ƙasa ta ba ta lambar girmamawa kan gudummawarta ga adabin Amurka. A jawabinta ta ce tana karɓa ne tare da 'yan'uwanta marubuta labaran kimiyya da na almara, waɗanda suka yi shekara 50 suna kallon kyaututtuka na tafiya wurin masu kiran kansu marubuta zahiri. A 2016 Library of America, mai buga ayyukan da ake ɗauka ginshiƙan adabin ƙasar, ya fara fitar da nata tana raye. Ta rasu a Janairun 2018.

Ni dai ina ganin hanyar Le Guin ta fi amfanar waɗanda ke tafe a baya, ko da ta Atwood ta fi saurin biyan mai ita. Wanda ya tsallake katanga shi kaɗai ya tsira, kuma tsirarsa tana ƙara tabbatar da cewa cikin katangar ba wurin zama ba ne. Amma ba zan ɗora wa Atwood laifin katangar da ba ita ta gina ba.

Octavia Butler ce ta fi kowa nuna yadda lakabi ke hawa kan lakabi. Baƙar fata ce, mace, 'yar mai aikatau a California, tana tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta tafi ƙananan ayyukan da take ci da su. Littafinta Kindred na 1979, na wata mata da ake fizgewa daga zamaninmu zuwa gonar bayi a Maryland, ita da kanta ta ce ba labarin kimiyya ba ne, tunda babu na'urar da ke bayyana tafiyar. Amma shago yana iya sa shi a kantar kimiyya saboda sunanta, ko ta adabin baƙaƙen Amurka saboda launinta, ko ta nazarin mata, kuma kowace kanta tana ɓoye shi daga masu zuwa sauran. A 1995 ta zama ta farko cikin marubuta fannin da ta sami tallafin MacArthur, wanda ake ba masu hazaƙa a Amurka. Ta rasu a 2006. Sai a Satumban 2020, ana tsakiyar annobar korona da gobarar daji, littafinta na 1993 kan rushewar Amurka ya hau jerin mafiya ciniki na New York Times, shekara 14 bayan ta bar duniya. Yabon da ya biyo baya ma yana da ɗan ƙaiƙayi, domin yawancinsa cewa yake ta hango abin da zai faru. Yabon mai duba ne wannan, ba na marubuci ba. Da hasashen bai zo daidai ba, jimlolinta da mutanen da ta gina suna nan yadda suke.

A cikin gida kam al'amura sun juya sosai. Connie Willis na da Hugo 11. Lois McMaster Bujold ta ci ta cikakken littafi sau huɗu. N. K. Jemisin ta ci sau uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin ita. Nnedi Okorafor ta ci Hugo da Nebula, wata babbar kyautar fannin, da gajeren littafinta Binti, ta kuma ƙi amsa lakabin da ake yi wa baƙaƙen marubutan Amurka, ta ƙirƙiro nata a 2019 don labaran da suka kafu a Afirka. Juyin bai zo salin-alin ba. A 2015 wasu gungun masu jefa ƙuri'a, masu ganin an ƙwace musu fannin, suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takarar Hugo da nasu, sauran masu zaɓe suka gwammace a bar rukuni biyar babu gwani.

A waje ma katangar ta tsage. Naomi Alderman ta ci kyautar adabin mata ta Birtaniya a 2017 da labarin matan da jikinsu ke fitar da lantarki. Manyan marubuta adabi yanzu suna rubuta annoba da ɗumamar yanayi da na'urori masu tunani babu jin kunya. Sai dai a lura da inda zirga-zirgar ta nufa. Kyautar Clarke ta buɗe ƙofarta ga baƙi: Emily St. John Mandel a 2015, Colson Whitehead a 2017, Namwali Serpell 'yar Zambiya a 2020, dukkansu daga rassan adabi littattafansu suka fito. Ta ɗaya ɓangaren hanyar ba ta cika buɗewa ba. Tun 2014 Booker ke karɓar marubutan Amurka, kuma littattafan Jemisin uku da suka kafa tarihi a Hugo, waɗanda reshen labaran kimiyya na Orbit ya buga, babu ɗaya da ya shiga jerinta.